Wa ya kamata a damƙa wa ma'aikatar kuɗi idan za a taɓa fansho da haraji?

Mai_Neman_Sani:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin harkar kuɗi ku zo ku warware min wani abu da ya tsaya min a rai. Duk ƙasar da ka duba yanzu, mai arziki ce ko matalauciya, kukan iri ɗaya ne, asusun fansho ba ya isa, harajin da ake tarawa shi ma ba ya isa, kuma duk gwamnatin da ta hau sai ta ce ita ce za ta yi garambawul. To ni tambayata ba kan garambawul ɗin ba ce, kan mutumin da za a ɗora ne. In kai ne shugaban ƙasa ko firaminista, ko kuma kai mai jefa ƙuri'a ne kana duba tawagar da ɗan takara zai zo da ita, wane irin mutum za ka so ya riƙe ma'aikatar kuɗi a irin wannan lokaci?

Na lura kusan kullum kala uku ake kawowa. Ko dai farfesa ko tsohon gwamnan babban banki ko wanda ya yi aiki da IMF da Bankin Duniya, ya san lissafi amma bai taɓa roƙon ƙuri'ar kowa ba. Ko babban ma'aikacin banki da 'yan kasuwa suka sani suka yarda da shi. Ko kuma gogaggen ɗan siyasa da ya san lungu da saƙon majalisa, ya iya lallashi, amma ilimin tattalin arzikinsa bai taka kara ya karya ba.

Ni ma'aikaci ne, duk wata sai an cire haraji an cire na fansho kafin albashi ya shigo hannuna, kuma da sauran shekaru masu yawa kafin in yi ritaya, kun ga kenan abin da mutum ɗaya zai sa wa hannu yau shi ne zai bi ni har tsufa. Gaskiya zuciyata ta fi kwanciya da masani, tunda shi ba ya tsoron zaɓe zai faɗi gaskiya ko da ɗaci. Amma ina so in ji ta bakinku.

Tsohon_Akawu:

Wa alaikumus salam. Ɗana, tambayarka ta yi ma'ana, amma ina so ka ajiye maganar takardar shaida tukuna. Kwasi Kwarteng da ya riƙe baitulmalin Birtaniya a 2022 yana da digirin dakta daga Cambridge a tarihin tattalin arziki, ba jahili ba ne ko kaɗan. Ranar 23 ga Satumban shekarar ya tsaya gaban majalisa ya sanar da rage haraji na kusan fam biliyan 45 ba tare da ya faɗi inda za a cike giɓin ba, kuma bai bari ofishin nan mai zaman kansa da ke tantance kasafin kuɗi, wato OBR, ya fitar da nasa lissafin ba. Kafin nan ma da 'yan makonni ya sallami babban sakataren ma'aikatar. Me ya faru? Darajar fam ta faɗi warwas, takardun bashin gwamnati suka karye, kuma ka san su wa ke riƙe da kaso mai yawa na waɗannan takardun? Asusun fansho. Sai da babban bankin Ingila ya shigo ranar 28 ga wata yana sayen takardun don kada asusun su durƙushe. Kwana 38 ya yi a kujerar, ita ma firaminista Liz Truss da ta naɗa shi ta bi bayansa ba da jimawa ba.

Na kawo wannan ne don ka ga fansho da haraji aljihu ɗaya ne. Shi haraji kawai ya taɓa, amma fansho ne ya kusa nutsewa. Saboda haka ni abu na farko da nake dubawa a jikin mutum shi ne, ya yarda wani da ba yaronsa ba ya binciki lissafinsa a fili kafin a zartar? In ya fara cewa lokaci ya ƙure, ba sai an jira masu tantancewa ba, to ni na gama da shi ko daga wace jami'a ya fito.

Na biyu, kuma a nan ne mafi yawa suke ɓoye gaskiya, wato kuɗin sauya tsari. Tsohon tsarin fansho a yawancin ƙasashe shi ne abin da aka cire wa masu aiki yau shi ake biyan 'yan ritaya na yau, ba wani akwati ake ajiye maka ba. Idan aka ce daga yanzu kowa zai riƙa tarawa a asusunsa na kansa, to wa zai ci gaba da biyan tsofaffin da suka riga suka bar aiki, da waɗanda suka yi shekara ashirin suna zubawa a tsohon tsarin? Kamar mai ƙaura ne da dole ya biya hayar gida biyu na wani lokaci, sai dai wannan lokacin shekaru talatin ne ko arba'in. Galibi daga haraji ko bashi kuɗin zai fito. Cile ce ta fara wannan sauyin a 1981 bisa dokar da ministan ƙwadago José Piñera ya tsara, ma'aikaci ya riƙa zuba kashi 10 na albashinsa, kuma gwamnati ta shafe shekaru da dama tana ɗaukar nauyin tsohon tsarin daga kasafinta. Ƙasashe da yawa sun kwaikwaye su, har da Najeriya a dokar 2004, amma wasu ba su jure nauyin ba, Ajantina ta maida asusun hannun gwamnati a 2008, Hungari ma ta yi kusan haka bayan shekara biyu. Wani abu kuma da ban taɓa mantawa da shi ba a labarin Cile, sojojin da suka kafa dokar ba su sa kansu a ciki ba, sun riƙe nasu tsohon tsarin. Duk ministan da zai ce a ƙara wa talaka shekarun aiki amma bai taɓa fanshon manya da na 'yan majalisa ba, wallahi kada ya yi mamaki in mutane ba su saurare shi ba.

Uwar_Biyu:

Baba Allah ya ƙara lafiya, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni abin da ke bani tsoro da masana ɗin nan shi ne mutanen da ke faɗawa tsakani, waɗanda ba su fito a lissafi ba. A Italiya ƙarshen 2011 da bashi ya shaƙe su aka kawo Mario Monti a matsayin firaminista da gwamnatin ƙwararru zalla, aka ba Elsa Fornero ma'aikatar ƙwadago, farfesa ce da ta ƙare rayuwarta tana nazarin fansho, ba wanda zai ce bata san aikin ba, kuma matar nan tana da tausayi don a gaban 'yan jarida ta fashe da kuka lokacin da take sanar da dokar. Amma cikin 'yan makonni aka rubuta ta, aka ɗaga shekarun ritaya farat ɗaya, sai ga dubban mutane da suka riga suka yi yarjejeniya da kamfanoninsu suka ajiye aiki da tunanin saura shekara ɗaya ko biyu su fara karɓar fansho, suka wayi gari ba albashi ba fansho. Da farko gwamnati ta ce su 65,000 ne, daga baya aka gano sun ninka haka nesa ba kusa ba, aka yi ta fitar da dokokin ceto ɗaya bayan ɗaya na tsawon shekaru. Ka yi tunanin mutum mai shekara sittin a wannan hali, wa zai ɗauke shi aiki?

Sannan dan Allah duk wanda za a naɗa a tambaye shi me ya tanadar wa matan da suka bar aiki suka yi renon yara suka dawo, da masu sana'ar hannu da ba su da takardar albashi. Su fa suna biyan VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kaya, duk abin da suka saya, amma tsarin "abin da ka tara shi za ka ci" bai san da zamansu ba.

Dan_Kungiya:

Mai_Neman_Sani ɗan uwa, ka ce masani ba ya tsoron zaɓe zai faɗi gaskiya, to ai nan matsalar take. Wanda ba ya tsoron mutane ba ya jin mutane. Mu da muke zama teburin tattaunawa mun san su, zai zo da kwamfutarsa ya haska maka jadawali a bango ya ce ga alƙaluma babu wata mafita, in ka ce to a fara toshe inda kuɗi ke zurarewa da rangwamen harajin da ake yi wa manyan kamfanoni sai ya ce wannan ba shi ne a ajanda ba.

Duba Kenya a 2024. Ministan kuɗinsu Njuguna Ndung'u farfesa ne, shekara takwas ya yi yana gwamnan babban banki. Kudirin harajin da suka kawo ya hau kan kayan masarufi, matasa suka fito, ranar 25 ga Yuni har cikin majalisa suka kutsa, aka rasa rayuka, washegari shugaban ƙasa William Ruto ya ce ba zai sa hannu ba, bayan makonni biyu ya rushe kusan duka majalisar ministocinsa. Kolombiya a 2021 haka, ministan kuɗinsu Alberto Carrasquilla masani ne na gaske, ya kawo dokar faɗaɗa VAT ana tsakiyar korona, aka tambaye shi kuɗin ƙwai a wata hira ya faɗi abin da ya nuna bai san kasuwa ba, ƙasa ta kama da wuta, aka janye dokar shi kuma ya yi murabus. In kuma ma'aikacin banki kake so, ga Ken Ofori-Atta a Gana, da bashi ya ci tura a Disambar 2022 ai kuɗin 'yan fansho aka fara hararowa, sai da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi barazanar yajin aiki aka tsame asusun fansho daga shirin farko na sake fasalin bashin, tsofaffin da suka sayi takardun bashin gwamnati da kuɗin sallamarsu kuwa sai da suka yi ta zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi, har tsohuwar babbar jojin ƙasar Sophia Akuffo ta je ta zauna da su.

Ni a ba ni ɗan siyasar da ya san in ya cuci mutane zai gamu da su a akwati. Haraji yarda ce, in babu ita ko mala'ika ka kawo ba zai tara ba.

Dalibar_Tattali:

Yaya Dan_Kungiya ka yi haƙuri, ban yarda da kai duka ba. Misalan da ka kawo gaskiya ne amma ka bar rabin labarin. Su wa suka tara bashin da ya sa aka kira masanan a guje? Ai 'yan siyasa ne da suka yi shekaru suna alƙawarin da sun san ba za a iya biya ba, kowa na turawa gaba don kada ta fashe a hannunsa. Kuma akwai abin da ba ya jin lallashi. A Faransa wajen 1960 ma'aikata kusan huɗu ne ke zubawa kan kowane ɗan ritaya ɗaya, yanzu ba su kai biyu ba, mutane na ƙara tsawon rai haihuwa na raguwa. Ko wa ka naɗa, ƙofofin dai su ne: a ƙara abin da ake cirewa, ko a rage abin da ake biya, ko a ƙara shekarun aiki, ko a ɗebo daga haraji. Wanda ya ce maka ba zai taɓa ko ɗaya ba yaudararka yake.

Amma inda na yarda da kai shi ne dokar da aka tura ta ƙarfi ba ta daɗewa. Faransa ɗin a 2023 sun ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64, gwamnatin Élisabeth Borne ta yi amfani da sashe na 49.3 na tsarin mulki ta wuce da ita ba tare da ƙuri'ar majalisar wakilai ba, ta sha da ƙyar a ƙuri'ar yanke ƙauna da tazarar ƙuri'a 9, sai ga shi a Oktoban 2025 wani firaministan, Sébastien Lecornu, yana cewa a dakatar da ita. Italiya ma a 2019 sun buɗe ƙofar fita da wuri da suka kira Quota 100. Fansho alƙawari ne na shekara arba'in, gwamnati kuwa huɗu ko biyar take yi, kenan in 'yan adawa ba sa ciki to aikin banza ake.

Shi ya sa ni misalin da ya fi burge ni shi ne Suwidin. Jam'iyyu biyar, masu mulki da 'yan adawa, suka zauna a kwamiti ɗaya tun farkon shekarun 1990, majalisa ta amince da ginshiƙan a 1994, aka kammala dokokin a 1998, aka fara aiki da su a 1999. Ana cire kashi 18.5, 16 na shiga lissafin da ake rubuta wa mutum da sunansa, 2.5 kuma a zuba masa a jari. Suka sa wani birki a cikin dokar da ke rage ƙarin fansho da kansa idan asusu ya yi rauni, kuma da ya kama a 2010 an ji zafi amma tsarin bai rushe ba, gwamnati ta rage wa 'yan fansho haraji don sauƙaƙa musu, kun ga nan ma abu biyun tare suke tafiya. Duk shekara kuma ana aika wa kowa ambulan mai ruwan lemo ya ga abin da ya tara da abin da ake hasashen zai samu.

Kanada ma haka. Rahoton masu lissafin asusun ya nuna kuɗin zai ƙare wajen 2015, ministan kuɗi Paul Martin, ɗan siyasa ne kuma tsohon ɗan kasuwa, ya zauna da larduna suka daddale a 1997 a ɗaga abin da ake zubawa daga kashi 5.6 zuwa 9.9 a hankali har 2003, aka kafa hukumar zuba jarin asusun da 'yan siyasa ba sa iya sa mata hannu. Ba shi ya yi lissafin ba, amma ya yarda da lissafin, ya kuma iya sayar da shi.

Don haka ni a ganina ba mutum ɗaya ake nema ba. A Birazil gyaran harajin da aka shafe shekaru wajen talatin ana kasawa ya wuce a Disambar 2023 ne saboda ministan kuɗi na lokacin Fernando Haddad, ɗan siyasa, ya riƙe majalisa da gwamnoni, shi kuma Bernard Appy wanda ya daɗe yana nazarin abin ya riƙe rubutun, haraji biyar aka haɗe, kuma aka shimfiɗa sauyin daga 2026 zuwa 2033 maimakon dare ɗaya.

Mai_Neman_Sani:

Kai, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya Uwar_Biyu maganar mutanen Italiya ɗin nan ta taɓa ni sosai. To amma Baba Tsohon_Akawu, duk waɗannan bayan an yi ne aka gane. Ni da nake gefe, tun kafin a rantsar da mutum ta ya zan gane wanda zai iya? Don kowa a baki cewa yake zai tuntuɓi masu ruwa da tsaki.

Tsohon_Akawu:

Ba za ka gane ɗari bisa ɗari ba ɗana, amma tarihi ba ya ɓuya. Ka bincika ko ya taɓa zama da waɗanda ba sa ƙaunarsa har aka fito da takarda ɗaya da kowa ya sa wa hannu, kuma me ya sadaukar a ciki. Bari in koma Cile don labarinsu bai ƙare a 1981 ba. Da 'yan ritayar farko suka fara fita suka ga abin da suka tara bai kai ya kawo ba, shugabar ƙasa Michelle Bachelet ta kafa kwamiti a 2006 ƙarƙashin Mario Marcel, daga nan aka samu dokar 2008 da ta sa gwamnati ke ba tsofaffi marasa ƙarfi wani abu daga haraji ko da ba su tara komai ba, irin abin da Hajiya ke magana kenan. Duk da haka a 2016 mutane suka cika tituna suna neman a soke kamfanoni masu zaman kansu da ke juya kuɗin fanshon, lokacin korona kuma majalisa ta ba da dama sau uku a ciri kashi 10, aka kwashe wajen dala biliyan 50 daga asusun. Marcel ɗin nan dai, bayan ya yi gwamnan babban banki, shugaban ƙasa Gabriel Boric ya ba shi ministan kuɗi a 2022. Kudirinsa na haraji ya faɗi a majalisar wakilai a Maris ɗin 2023. Bai yi fushi ya ajiye aiki ba, bai kuma nemi hanyar kewaye majalisa ba, shi da ministar ƙwadago Jeannette Jara suka koma suka yi ta ja-in-ja da 'yan adawa, suka haƙura da burinsu na kawar da kamfanonin, har a Janairun 2025 aka amince masu ɗaukar aiki su riƙa ƙara nasu kason a hankali. Wasu magoya bayansu sun ce an yi sassauci da yawa, kuma suna da hujja. Amma dokar ta samu ƙuri'un ɓangarorin biyu.

Kuma kada ka tsaya kan minista kaɗai, na san aikin ofis, minista zai zo ya tafi amma fayil yana hannun wasu. Ka duba wa za a ba hukumar tara haraji, wa za a ba hukumar da ke sa ido kan asusun fansho, shin suna da wa'adi a doka ko da waya ɗaya za a iya cire su, kuma doka ta ƙayyade nawa gwamnati za ta iya ranta daga kuɗin 'yan fansho ko a buɗe yake. Wannan na ƙarshen ka matsa a kai sosai, don ministan da ya kasa tara haraji asusun fansho ne wuri mafi kusa da hannunsa, zai sayar musu da takardun bashi da ribar da ba ta kai hauhawar farashi ba, a takarda kuɗinka na ƙaruwa alhali abin da zai saya maka raguwa yake. In ana tantance shi a majalisa ko ya zo hira a rediyo ana karɓar kira, ka tambaye shi kashi nawa na asusun ke hannun gwamnati a matsayin bashi yanzu, kuma kashi nawa yake so ya zama ranar da zai sauka.